Fashin baƙi: Yawan ambaton mai bincike, me yake tsinana wa mai ciwon suga da ƙashinsa ke zaizayewa?

Duk shekara idan jerin nan da ake kira na Stanford ya fito, wanda ke tattaro kashi 2 cikin 100 na masana kimiyyar da aka fi ambaton ayyukansu a duniya, sai Facebook da zaurukan WhatsApp su cika da hotunan malaman jami'a da saƙonnin taya murna. Ƙarƙashin hoton a jera lambobi: maƙala kaza, ambato dubu kaza, ma'aunin h kaza. Jama'a su yi ta "Masha Allah, Allah ya ƙara basira." Murnar ta dace. Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai: idan aka ce an ambaci mai binciken lafiya sau dubu 20, hakan na nufin majinyata sun amfana da aikinsa? Yana ma nufin abin da ya rubuta gaskiya ne?

Zan auna tambayar a kan fanni guda, wato mahaɗar ciwon suga da zaizayar ƙashi. A fagen binciken ƙashi akwai mutum biyu da dukansu aka yi ta ambato. Ɗaya aikinta ya gyara yadda likitoci ke duba masu ciwon suga. Ɗayan ƙarya ya yi ta sharawa shekara da shekaru. Bayan haka kuma, maganar ta taɓa gidanmu.

Me ake ƙirgawa idan an ce ambato?

Mai bincike idan ya kammala aiki yakan rubuta maƙala ya aika wa mujallar masana. Edita ya miƙa ta ga wasu ƙwararru su tace, in ta tsallake a buga. Duk wanda ya zo daga baya ya kafa hujja da ita a nasa rubutun, sai ya sa sunanta cikin jerin madogararsa. Wannan shi ne ambato guda.

Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin da ke tattara waɗannan ambato a 1964, don mai nazari ya iya bin sawun ra'ayi daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya ne abin ya rikiɗe ya zama sikelin auna mutane. A yau manyan rumbunan ƙirga uku ne: Web of Science, da Scopus na kamfanin Elsevier, da Google Scholar. Mutum ɗaya zai iya samun adadi uku mabambanta, kuma na Google Scholar ya kan fi yawa domin yana haɗawa har da kundayen digiri da takardun taro. Saboda haka tambayar farko idan ka ga lamba ita ce, daga wane rumbu aka ɗauko ta?

Ma'aunin h kuwa wani masanin fiziks ne a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. Idan aka ce h ɗin mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙala 40 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 40. Hikimar ita ce kada maƙala guda da ta yi tashe ta ɗaga mutum sama, kada kuma tarin rubutun da ba mai karantawa ya ɗaga shi.

Shi jerin na Stanford ba lambar yabo ba ce da jami'ar ke bayarwa. Wani farfesanta ne, John Ioannidis, da abokan aikinsa suka fara haɗa shi a 2019 daga alƙaluman Scopus, suna gwada kowa da 'yan fanninsa. Lissafi ne na kwamfuta. Babu kwamitin da ya zauna ya karanta maƙalun.

Misali ɗaya ya isa ya nuna iyakar wannan ƙirga. Maƙalar da aka fi ambata a tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951 kan hanyar auna furotin a ɗakin gwaji, an ambace ta sama da sau 300,000. Da mujallar Nature ta jera maƙalu 100 mafi yawan ambato a 2014, ta Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar ƙwayar halittar DNA, ba ta ma shiga ba. Abin da kowa ya riga ya haddace ba a cika komawa a ambaci tushensa ba, amma kayan aikin da ake ɗauka kullum sai an faɗi mai shi.

Ina ciwon suga ya gamu da ƙashi?

Gwaggona ta yi sama da shekara 20 da ciwon suga. Mace ce mai jiki, wadda in ka gan ta ba za ka taɓa kawo raunin ƙashi a ranka ba. Wata asuba ta fito alwala, silifa ɗaya ya zame daga ƙafarta ba ta ji ba, domin tafin ƙafar ya daɗe da mutuwa. Ta yi zaman daɓaro a kan siminti, butar na hannunta ko zubewa ba ta gama yi ba. Faɗuwar da yaro zai yi ya miƙe yana dariya, ita ta karya mata kwatangwalo. Masu zuwa dubiya suka ce tsautsayi ne, aka kira maɗori. Duk tsawon shekarun da take zuwa asibiti ana auna mata suga da hawan jini, ana duba ido da ƙafa, ba ranar da wani ya ɗaga maganar ƙashi.

Zaizayar ƙashi cuta ce da ƙashi ke raguwa ta ciki, kamar itacen da gara ta ci, waje lafiya lau ciki fanko, har ƙaramar faɗuwa ta karya shi. Ba ta ciwo sai an karye. Inda ta fi kamawa su ne kwatangwalo, gadon baya da wuyan hannu. Gidauniyar yaƙi da cutar ta duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. Ta kwatangwalo ita ce mafi muni, domin kusan mutum 1 cikin 5 na tsofaffin da ta samu ba sa kai shekara guda a raye.

Ana gano cutar da na'urar DXA, wadda ke auna kaurin ma'adinan da ke cikin ƙashi ta ba da abin da ake kira makin T. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da iyaka: wanda makinsa ya kai -2.5 ko ya gaza haka yana da zaizayar ƙashi. A 2008 kuma John Kanis da tawagarsa a Jami'ar Sheffield ta Ingila suka fito da FRAX, manhajar da likita ke zuba mata shekaru, nauyi, tarihin karaya da sauransu, ta lissafa masa haɗarin karyewar mutum cikin shekara 10.

Ga inda gizo ke saƙar. Masu ciwon suga nau'i na 2, wanda ya fi kama manya, in aka ɗora su a na'urar sau da yawa ƙashinsu kan fito da kauri daidai, wani lokaci ma fiye da na sauran mutane, musamman masu ƙiba. Don haka aka daɗe ana ɗaukar cewa su wannan matsala ba tasu ba ce.

Ann Schwartz: ambaton da ya biyo aiki

Ann Schwartz masaniyar yaɗuwar cututtuka ce a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. A 2001 ita da abokan aikinta suka buga nazari kan mata 9,654 masu shekara 65 zuwa sama, waɗanda aka bi sawunsu sama da shekara 9. Cikinsu 657 na da ciwon suga. Sakamakon ya ci karo da abin da aka saba ji: duk da kaurin ƙashinsu, masu ciwon sugan da ba sa allurar insulin haɗarin karyewar kwatangwalonsu ya kusa ninka na sauran, haka ma na ƙashin damtse ta wajen kafaɗa.

Ba a tsaya a kan maganarta ita kaɗai ba, kuma wannan shi ne abin lura. A 2007 Peter Vestergaard na ƙasar Denmak ya tattaro binciken mutane daban-daban ya haɗa lissafinsu. Ya samu cewa haɗarin karyewar kwatangwalo ya kusa ninki 7 ga masu ciwon suga nau'i na 1, wanda ya fi farawa tun ƙuruciya, ya kuma ƙaru da kashi 38 cikin 100 ga masu nau'i na 2, alhali kaurin ƙashin na biyun ya fi na masu lafiya. Adadin ya bambanta daga nazari zuwa nazari, amma alƙiblar ɗaya ce.

Me ke kawo haka? Wanda ya taɓa ganin ana kwaɓa ƙasar gini zai gane da wuri. Magini ba ya ɗora ƙasa zalla, sai ya cuɗa ta da ramno don ta kama jikinta kada ta tsattsage. Ƙashi ma haka yake: akwai ma'adinai irin su kalsiyam, su ne ƙasar, akwai kuma zaren kolajin, shi ne ramnon da ke ba shi damar ɗan lanƙwasawa ba tare da ya ɓalle ba. Suga idan ya daɗe yana yawa a jini yakan manne wa wannan zare ya busar da shi. Sabunta ƙashi da jiki ke yi kullum shi ma yakan yi sanyi, sai ƙananan tsagu su taru ba gyara. Na'urar DXA ƙasar kawai take aunawa, ba ta ganin halin da ramnon ke ciki. A ɗora a kan wannan yawan faɗuwa: ƙafa ta mutu, ido ya yi hazo, ko suga ya faɗi kwatsam jiri ya ɗebi mutum.

A 2006 Schwartz ta sake nuna cewa tsofaffin mata masu shan magungunan suga na dangin rosiglitazone da pioglitazone suna asarar ƙashi da sauri. A ƙarshen shekarar sai babban gwajin nan na ADOPT, mai majinyata 4,360, ya fito da alƙalumansa: kashi 9.3 cikin 100 na matan da ke shan rosiglitazone sun karye, a kan 5.1 na masu shan metformin da 3.5 na masu shan glyburide. Wasu masu bincike ne daban, da hanya daban, suka iso wuri ɗaya.

Sai maƙalarta ta 2011 a mujallar JAMA, wadda a ganina ita ce ta fi isa gadon majinyaci. Ta haɗa manyan nazarori uku na tsofaffi maza da mata, ta nuna cewa in mutum biyu na da makin T iri ɗaya, mai ciwon sugan ya fi shiga haɗari, kuma FRAX na rage masa lissafi. Ga mata tazarar ta kai kusan 0.6. Wato mace mai ciwon suga da na'ura ta ba ta -1.9, aka ce da ita ba ta kai iyaka ba, haɗarinta daidai yake da na marar ciwon da ke -2.5. Daga nan likitoci suka fara gyara lissafin, wasu su rage rabin maki, wasu su ƙara wa majinyacin shekara 10 kafin su zuba a manhajar. A ƙa'idojinta na 2024, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta faɗaɗa maganar lafiyar ƙashi ta ba ta shawarwari na kanta: a riƙa auna haɗarin karaya, a kuma yi la'akari da ƙashi wajen zaɓen magani. Daga 2001 zuwa 2024 shekara 23 ke nan. Haka ilimin likitanci ke tafiya, a hankali.

Yoshihiro Sato: ambaton da ya yaɗa ƙarya

Sato likita ne a Japan. Ya buga gwaje-gwaje masu yawa kan hana karyewar kwatangwalo ga masu shanyewar ɓarin jiki, masu cutar makyarkyata ta Parkinson da masu cutar mantuwa. Bitamin D, bitamin K, bitamin B12, magungunan ƙashi, har da shan hantsi, duk ya ce ya gwada. Manyan mujallu suka buga masa, JAMA ma ta buga a 2005.

A 2006 wata likita a Aberdeen ta Sikotilan, Alison Avenell, tana tattara binciken bitamin D sai ta ga wani abu bai zauna mata ba a alƙalumansa. Daga baya ta haɗa kai da Mark Bolland, Andrew Grey da Greg Gamble na Auckland a Niyu Zilan, suka bi gwaje-gwajensa 33 ɗaya bayan ɗaya. A gwaji na gaskiya ana raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kuma dole a samu ɗan bambanci tsakanin gidajen a shekaru ko nauyi, kamar yadda in ka rufe ido ka raba kwandon mangwaro biyu ba za su taɓa zuwa daidai wa daida ba. Na Sato sun yi kama da juna fiye da yadda ƙuri'a za ta iya bayarwa. Ga shi kuma kusan kowane magani ya gwada sai ya rage karaya da wajen kashi 80 cikin 100.

Sun aika wa JAMA bincikensu a 2013, aka yi ta jan ƙafa, sai a 2016 mujallar Neurology ta buga shi. Sato ya amsa cewa ya ƙirƙiri wasu daga cikin gwaje-gwajen, ya rasu a farkon 2017. An janye maƙalunsa sama da 100. Amma kafin nan 12 kawai daga cikinsu an ambace su fiye da sau 1,000, sun shiga manyan nazarorin da ke haɗa sakamako, sun shiga ƙa'idojin jinya a Japan. A Holan an ɗauki tsofaffi 2,919 aka yi shekara 2 ana ba su bitamin B12 da folik asid ko na bogi, kuma maƙalar Sato na cikin hujjojin fara gwajin. Da sakamako ya fito a 2014, ba a ga raguwar karayar da ake fata ba. Kuɗi, lokaci da amanar tsofaffin da suka miƙa kansu, an kashe su wajen bin sawun abin da babu shi.

Malaman hadisi sun riga kowa sanin wannan matsala. Riwaya takan shahara a bakin mutane, kowa na faɗinta, amma in aka bi isnadinta a tarar duk hanyoyin sun koma ga mutum ɗaya da ba a yarda da shi ba. Kwamfutar da ke ƙirga ambato masu faɗi kawai take lissafawa. Ba ta bambance wanda ya ambace ka don ya gaskata ka da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata ka, kuma maƙalar da aka janye takan ci gaba da tara ambato shekaru bayan janyewar.

Masu kare ƙirgar da masu sukarta

Masu kare ta na da hujja mai ƙarfi, musamman a inda sanayya da ɗan-garinmu ke tasiri wajen ƙarin girma. Lamba ba ta san ɗan wane ba. Malamin da ba shi da uban gida amma masana a ƙasashe daban-daban na dogaro da aikinsa, lambar nan ce shaidarsa. Ni ma ina tare da su a nan.

Masu suka kuwa suna cewa da zarar an ɗaura ƙarin girma da kuɗin bincike a wuyan lamba, sai mutane su koma neman lambar. Wani ya yi ta ambaton kansa, abokai su ƙulla "ambace ni in ambace ka", a sa sunan wanda bai ɗaga ko tsinke ba a maƙala, a yanyanka aiki ɗaya gida huɗu. Sannan fannoni ba ɗaya ba ne. Ciwon suga na da dubban masu rubutu, don haka ambato a can ya fi saurin taruwa fiye da na mai binciken cutar da ta addabi ƙauyukanmu kaɗai. Wanda sunansa ya shiga takardar ƙa'idoji mai marubuta 40 zai iya kwasar ambato fiye da wanda ya yi shekara 10 yana bin majinyata gida-gida. Wannan ne ya sa wasu editoci da masana suka haɗu a San Francisco a 2012 suka fitar da sanarwar DORA, mai kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Shi ma Hirsch daga baya ya fito yana gargaɗi kan yadda ake amfani da ma'auninsa.

Abin da ya shafe mu a nan

Alƙaluman Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya na 2021 sun ce manya miliyan 537 ke da cutar a duniya, miliyan 24 a yankin Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da ita ba. Waɗanda suka sani ma, na'urar DXA ba kasafai ake samunta a asibitocinmu ba. To amma mafi yawan abin da binciken Schwartz ya koyar ba ya buƙatar na'ura. Mai ciwon suga da ya manyanta, ko ya daɗe da ciwon, ko ya taɓa karyewa a ƙaramar faɗuwa, ko tsawonsa ya ragu bayansa ya fara ranƙwafawa, ya kamata ya ce: "Likita, ƙashina fa?" Wanda ke shan pioglitazone, ko maganin da ke yawan kayar masa da suga irin glibenclamide (wato glyburide), ya tambaya ko akwai wanda ya fi dacewa da shi, amma kada ya ajiye magani da kansa. A gida kuma a gyara abin da ke kayar da tsoho: santsin makewayi, duhun tsakar gida da asuba, silifar da ba ta kama ƙafa.

Akwai kuma giɓin da ya kamata masu bincikenmu su dube shi da idon basira. Matan da Schwartz ta fara nazari a kansu kusan dukansu fararen Amurka ne. Abincinsu, ranarsu, yawan haihuwarsu da aikin ƙarfinsu ba irin na gwaggona ba ne. Mun taɓa ganin yadda binciken gida ya gyara abin da duniya ta ɗauka. A Jos, Tom Thacher da abokan aikinsa sun gwada yara 123 masu taushin ƙashin da ke sa ƙafa ta yi baka ko gwame, cutar da littattafai suka saba ɗora wa rashin bitamin D. Sakamakon da New England Journal of Medicine ta buga a 1999 ya nuna cewa kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin D, ya fi warkar da su a kan bitamin D zalla. Abin da ke ƙaranci a tuwon yaran ne matsalar, rana kam suna da ita.

Irin wannan aiki ake buƙata ga tsofaffinmu masu ciwon suga: a fara da rajista mai sauƙi a asibitocin koyarwa da na ƙashi, a rubuta duk tsohon da aka kawo da karyewar kwatangwalo, yana da suga ko ba shi da shi, wane magani yake sha, yana raye bayan shekara ko ya rasu. Kuma dole a shiga unguwa a zauna da maɗora, domin da yawa daga cikin waɗanda suka karye a hannunsu jinyar ke farawa ta ƙare, sunansu bai taɓa shiga littafin asibiti ba.